Mun Binciki Kanmu

Kakana Malam Hashimu, a bakin gidan wayar Sinnar,
shekara talatin yana rubuta wa mutane wasiƙa.
Tabarma, tawada, tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare.
Ya san wanda bashi ya kora Gadarif yankan riɗi,
ya san wadda mijinta ya haye Hijaz ya manta hanyar dawowa.
In ya iso Mai Wurno da magariba, kakata ta ce, “Yau me ka jiyo?”
sai ya ce, “Kogi ya ƙaru da taƙi ɗaya.”
Har ya koma ga Mahalicci, labarin kogi kaɗai muke samowa.

Ba wai waliyyi ba ne.
Gidansa na bayan masallaci, kowa ya san ƙofar,
kuma masu wasiƙa suna da sanduna.

Ni Barira, jikarsa, shayi nake sayarwa da gahawa
ƙarƙashin darbejiya, daf da tashar motar Madani.
Wata uku ina ɗauke da abin da ban faɗa wa kowa ba,
ko Sama’ila, na ce sai ya zauna da gindinsa.
Waya kawai na tambaya, da dare, bayan na kife kofuna:
me ke tsayar da amai,
yaushe ake fara jin motsi,
wane suna ya dace da ’yar da ta zo da kaka.

Wata Laraba ya zube.
Na wanke zanen da kaina, na shanya bayan ɗaki.
Washegari na hura gawayi kamar kullum,
direbobi suka ce citta ta yi yawa.

Ita waya ba wanda ya kai mata labari.
Ta ci gaba da lissafinta:
ga ’yan takalma kamar kunnen ɗan akuya,
ga hular ulu, ga man shafa mai ƙamshin jego.
A wata na bakwai ta ce in haɗa jaka.
A na tara ta yi mini barka
ina tsakiyar miƙa wa wani canji.

Mujtaba ɗan ƙanwata ya rubuta musu ƙorafi.
Amsa ta zo kafin ruwa ya tafasa, cikin ladabi sosai:
“Sirrinki amana ne a wuyanmu.
Muna da kwamiti, mu muka naɗa shi,
ya duba littattafan da muka miƙa masa,
ya auna mu da mudun da muka sassaƙa.
Mun binciki kanmu, ba mu ga laifi ba.”

Na ce a nuna mana littafin, ko shafina kaɗai.
Suka ce wannan kuma sirrin kamfani ne.
Ashe har can wanzami ba ya son jarfa.

Ko Attahiru mai dawa, da goshinsa ya yi baƙi don sujada,
sarkin kasuwa na zuwa ya ƙwanƙwasa gindin mudunsa,
bai taɓa cewa an ci masa mutunci ba.
Ya san hannu da son kansa.

Na ce, “Mujtaba, ina ƙofar gidansu take?”
Ya yi dariya, ya nuna mini wani ɗan akwati
da aka rubuta “Na amince”.
Ya ce, “Inna, nan kika shiga. Ƙofar fita ban ganta ba.”

Ban jefar da wayar ba.
Rabin masu shan shayina ta cikinta suke biya.
Sai dai na koma makarantar kakana:
in dare ya yi, in hannuna ya yi ƙaiƙayi,
kogi kawai nake tambayarta,
ya ƙaru ko ya ja baya.

Jiya ta fara tallata mini kwalekwale.