Tabon Rana

Ƙarfe bakwai, a kan rufin sashenmu a Dundaye,
na saita madubin hange, na ba rana baya.
Ba a haɗa ido da ita.
Sai dai ka shimfiɗa mata farar takarda
kamar tabarmar baƙo, ta sauko da kanta ta zauna.
Yau tabo goma sha ɗaya ne a fuskarta.
Na bi su da fensir,
babban cikinsu zai haɗiye duniya, har da Gulbin Rima, bai ƙoshi ba.

Ƙarfe goma Jabbi ya kira daga Gawon Nama:
"Yaya, zo ki ga hoton."
Ni na goye shi, yau shi ke sanye da farar riga.
Ya ɗaga hoton ga fitila,
haƙarƙarin Inna ya fito kamar tsaiko kafin baibaya,
can ƙasa, ta hagu, wasu ɗige-ɗige.
Na fara ƙirga. Hannu ya saba.
Ya ce, "Bari, wannan ba sama ba ce."

Shekara talatin da huɗu tana suyar masa a Mabera,
in damina ta jiƙa ice, da bakinta take lallashin wuta.
Duk littafin lissafin da na taɓa buɗewa
hayaƙi yake wari, da man gyaɗa.

Malam Boyi, wanda alli da allo ne gonarsa,
bai taɓa hawa rufin nan ba,
amma shi ya rubuta mana cewa haske,
in an haife shi a cibiyar rana, ba ya samun hanya.
Ya bugi wannan, ya dawo, ya bugi wancan,
kamar mai neman ƙofa a kasuwa ranar jajibiri,
shekaru dubu bisa dubu kafin ya kai baki,
sannan minti takwas, ya faɗo kan Sakkwato.
Da dare na ari littafin Jabbi,
babin yadda iska ke ratsa bangon huhu ta iske jini.
Lissafin nan ne dai.
Baƙaƙen kawai aka sauya.
Na daɗe zaune, shayina ya huce.

Marke ya sha rana, ya adana a jikinsa,
mai gatari ya kawo, Inna ta kunna.
Ashe rana take kwancewa kowace asuba ƙarƙashin tanda.
Mu ta miƙa wa hasken,
hayaƙin ta riƙe.

Jabbi ya sa mata bututu a baki:
"Inna, hura, hura, kar ki tsaya!"
Ta yi dariya har tari ya ƙwace dariyar:
"Ni za a koya ma hura?"
Layin ya hau kan na'ura, ya yi saurin gangarowa.
A yatsarta ɗan jan haske yana ƙirga numfashi:
tamanin da takwas.

Da ta samu kanta sai ta dube ni.
"Ke, ranar taki lahiya take?"
Na ce tana da tabo, Inna,
yana yawa, yana raguwa, duk shekara goma sha ɗaya.
"Ita ma? Wa ka duba ta?"
Na ce ni.
"Shina warkewa?"
Jabbi ya sunkuya yana gyaran ƙarin ruwan da ba abin da ya same shi.

Ban gaya mata wannan ba, yana cikin darasin da nake koyarwa:
tabon ba duhu ba ne.
Wuri ne da ya ɗan huce a tsakiyar wuta.
Da za a ciro shi, a rataye shi kaɗai cikin dare,
da wata ya ji kunyar fitowa.

Ƙarfe bakwai na gobe, na hau, na shimfiɗa takarda.
Tabo goma sha biyu.
A gefe, inda ba a rubutu,
na sa: Inna, casa'in, ta sha kunu.