Ban Waiwaya Ba

Tun da jijjifi muka dasa jarkoki shida
a bayan madatsar Goronyo, inda ruwa ke kwance,
kowace da dutse ɗaure a ƙugunta,
rawaya, har yanzu suna warin man gyaɗa.
Nomau ya auna tsakaninsu da gora,
ya rantse daidai ne, ya sake aunawa.

Takalmin wasan katako ne na maɗaci,
Modi kafinta ya feƙe masa hanci,
ya yi masa maɗauri da robar tayar babur.
Igiyar nailan ce, daga Tsohuwar Kasuwa,
mariƙinta ƙotar fartanyar da ta gaji da noma.
Mai kuwa, masu albasa suka yi mana karo-karo,
bisa sharaɗin a faɗi sunansu a lasifika.

Ni ne direba.
Aikina in dubi gaba.
Akwai wata giginya can ƙetare,
hancin jirgi a kanta, hannuna a maƙogwaron inji,
ba ƙari, ba ragi,
ko wa ke bayana.

Shekara uku ina jan 'yan maza
ban taɓa kallon wasan ba.
A igiya nake jin labari.
In ta yi tsam, ta fizgi gindin jirgi,
wani ya kewaye jarka.
In ta yi laƙwas kamar wutsiyar jaki mai gyangyaɗi,
to, wani ya sha ruwan Rima,
sai in juya in tsamo shi.

Malama Ige na ƙarƙashin dogon yaro
da rijistar ajinta da usur a wuya.
Duk zagaye sai ta ce a rage igiya gaba ɗaya.
Sha huɗu suka fara.
Kafin azahar saura biyu:
Arzika, ɗan Sarkawan Takakume,
da Atto, wanda ni na raɗa masa suna.

Arzika ya cinye shida kamar yana tsince ƙwarya a tsakar gida.
Na ji ihun gaɓa ya rufe kukan inji.

Sai Atto.
Tun bai ce "Ja!" ba na san nauyinsa,
nauyin da na sha ɗauka a wuya zuwa kasuwar Lahadi.
Ɗaya, hagu.
Biyu, dama.
Uku.
A ta huɗu igiya ta yi rawa,
na gane gwiwar nan ce da babur ya kayar da ita bara.

In na sassauta hannu gwargwadon ƙwayar gero,
Ige ba za ta gani ba,
Nomau ba zai ji ba,
giginya ba ta da baki.
Babban yatsana ya yi zufa a kan roba.
Na dubi giginya.
Na ci gaba da dubanta
har bayana ya yi sakayau.

Da na juyo, katako na yawo shi kaɗai,
shi kuma yana fyace ruwa, rigar ceto ta haye masa kunne.
Na miƙa hannu, ya kama gefen jirgi.

Arzika ya tafi da rago da buhun shinkafa,
aka yi ta kiran sunan masu albasa
har batirin lasifika ya mutu.

Da la'asar sakaliya muka koma kwaso jarkoki,
ni da shi, ba inji, sai filafili.
Yana jawo dutse ya ce, "Ka ji ni a ta huɗu?"
Na ce na ji.
Ya daɗe yana naɗe igiya a gwiwar hannu.
"Baɗi ma ka riƙe haka."

Muka ƙirga, biyar.
Ɗaya ta tsinke ta bi iska,
ga mai ita can bakin gaɓa
riƙe da ƙugu, tana jiranmu.