Daren da Majigi Ya Rasa Murya

Kakana Cindo ne ya ba ni wannan
yana ɓarar gyaɗa a gindin rumbu,
na adana shi kamar yadda ake adana iri.

Ya ce shekarar da gero ya fi ƙarfin rumbuna
motar majigi ta kwana garinmu, gabas da Ringim.
Aka ɗaura farin ƙyalle daga tsamiya zuwa katangar dagaci.
Aka nuna yadda ake barbaɗa taki,
aka nuna mai tarin da ya ƙi asibiti.
Mutane suka fara hamma, ana naɗe tabarmi,
sai mai injin, wani dogo mai wushirya,
ya ce a dakata, akwai tsohon naɗi a ƙasan akwati.

Ga mace ta fito, fari da baƙi,
riga na share ƙasa, hannu a ƙirji.
Mai injin ya ce a can ƙasarsu
takan tsaya a zaure mai hawa biyar,
ba lasifika, ta cika shi da murya har fitilu su yi rawa.
Daga baya masu ɗaukar hoto suka yi cinikinta,
suka ce ta rage sauti, ta rage jiki, ta kalli nan,
ta maimaita kuka sau tara kafin ya yi musu.

Ta ja numfashi. Ta buɗe baki.
Nan wayar sauti ta tsinke.

Ba ka jin komai sai tat-tat ɗin inji
da ƙwari suna iyo a cikin haske.
Jijiyar wuyanta ta miƙe, ba abin da ke fita.
Yara suka fashe da dariya.
Wata tsohuwa ta ce, ku ba ta ruwa, ƙaya ce ta maƙale.

Jatau, mawaƙin gayya, bai yi dariya ba.
Wuyanta ya ƙura wa ido, ba fuskar ba.
Ya ce, wannan ba kuka take ba, aiki take.
Ya miƙe, ya toshe kunne da yatsa,
inda ta buɗe ya buɗe,
inda ta ja ya ja, inda ta sauke ya sauke.
Bai san yarenta ba,
sai ya cika mata baki da manomanmu,
da Barau mai kwana a kunya,
da Talle da ya karya garma biyu a yini guda.
Baturiya ta yi ta wasa Talle, hawaye na zuba,
Talle kuwa ya rufe fuska da hula.

A ƙarshe ta kama sauti ɗaya ta riƙe,
ta riƙe,
Jatau ya bi ta har gwiwarsa ta saki.
Ya zauna a ƙasa, bakinta na nan a buɗe.

Da asuba mota ta wuce Taura.
An kawo masa dami, ya ce a mayar:
ta fi ni da numfashi ɗaya, ita za a kai wa.
Har ya tsufa ana jin sa a fadama shi kaɗai
yana gwada tsawon wannan numfashin.

Na tambayi kakana sunanta.
Ya hure ɓawon gyaɗa daga tafinsa.
Ya ce ba wanda ya tambaya.
Amma duk sanda ta faɗo masa a rai
da muryar Jatau take zuwa,
a dushe, tana ƙanshin goro.