Harafi Biyu a Allo

Bayan isha'i, a firamaren Gidan Igwai,
mu goma sha ɗaya kan bencin yara,
gwiwoyinmu na gogar teburi.
Na baro injin ban-ruwa a warwatse a Kwalkwalawa,
baƙin mai bai gama fita daga farcena ba.

Malam Modi ya ɗora harafi biyu a allo,
ta da wasalinta.
Na ce, "To!"
Aji ya kwashe da dariya.
Ya ce, "Arzika, wanga ba naka na ba.
Naka na amsa magana ne.
Wanga tu aka ce mai,
ɗan jagora ne, shi ka riƙa ma aiki sanda."

Ya jero su kamar buhunan albasa:
want to go, hope to see, decide to stay.
Ya ce aikin gaba shi ke ɗaukar kaya,
shi ya san jiya, shi ya san yau,
na baya kuwa hannu rabbana yake tafe,
ba lokaci, ba mai shi.
Na rubuta he wants to goes.
Ya zare wutsiyar da jan biro
yadda nake zare wayar da ta yi yawa a inji.

Mu a bakinmu mutum ba ya rabuwa da aikinsa:
ina so in tafi,
kina so ki tafi,
kowa na biye da tafiyarsa kamar akuya da igiya.
Su kuwa sun kwance igiyar.

Sai ga waɗanda ba su son rakiya,
can da must, let da make.
Must go. Let him go.
Hajo mai ɗinki ta ce daga baya,
"Ai dama mai iko ba ya neman jagora."
Malam ya ce ta rubuta wannan ma.

Too old to learn ya zo a darasi na huɗu.
Ban ɗaga kai ba.
Shekara hamsin da uku ba ta ɓuya a bencin yara.
Ya bi shi da old enough to know,
ya wuce, bai dube ni ba,
na kuwa san da ni yake.

A gida na haska tsohon saƙon Maccido,
wanda ya tafi Fatakwal damina uku ke nan.
Da Turanci yake rubuto mini, don in yi alfahari.
I promise to come.
Da can Ige ke fassara mini, tana ƙara gishiri,
ta ce ya ce yana nan tafe.
Daren nan na karanta da kaina.
Alkawarin na da lokaci.
Zuwan ba shi da shi.

Aikin gida jimla biyar ne.
Malam ya ce ana iya sa mutum a tsakiya,
tsakanin so da abin da ake so.
Na gwada: I want you to come.
Daidai take, ko jan biro ba zai taɓa ta ba,
amma ta yi mini tsawo,
kamar zuwa Wamakko ta hanyar Illela.

Da hantsi injin ya tashi a ja na uku,
ruwa ya bi kwali yana neman albasa.
Na zauna bakin kunya, na goge hannu a riga,
na share I want,
na share you,
na sallami ɗan jagoran.
Saura kalma guda, tsirara:
Come.

Har la'asar waya shiru.
Ina naɗe tiyo ta yi ƙara.
Harafi biyu ne,
ta da wasalinta.
Ban tambayi Malam Modi ba.
Wannan namu ne.