Ƙusa Uku a Bango

Ranar da na karɓi makullin ɗakin nan a Gyallesu
ba komai a ciki sai ƙusa uku a bango
da shatin kalanda inda fenti bai koɗe ba.
Na yi sallama, muryata ce ta amsa.

Albashin malamar firamare kun san shi,
ɗiban ruwa ne da kwando.
Sai na yafa gyale na nufi Sabon Gari,
layin 'yan gwanjo, ranar da ake fasa dila.

A can na zaro labulen nan
daga ƙarƙashin tulin rigunan sanyi,
ruwan ƙasa, da zanen furen da ba ya tsirowa a nan.
Wanki uku na yi masa,
amma har yau in hadari ya haɗo
sai ya saki ƙamshin wani gida
a wata ƙasa da ban san sunanta ba.

Teburin daga Samaru ya zo.
Wani ɗalibi ya gama, kuɗin motar Jalingo yake nema,
ya ce, "Anti, kawo abin da ya sawwaƙa."
A cikin aljihun ya bar lissafi da jan biro
da rabin wasiƙa: "Rifkatu, in kin ga ban kira ba..."
Nan ya tsaya.
A kansa nake duba aikin 'yan aji huɗu,
wani dare na kan ƙarasa masa jimlar a zuci.

Agogon bango kuwa na Malam Nalado ne,
mai gyaran rediyo a Tudun Wada.
Yana makara da minti bakwai.
Na koma na yi ƙorafi, ya ce,
"Ba ƙarya yake ba, Malama, tsufa ne."
Na rataye shi a ƙusa ta farko,
ladanin unguwa yana cike mana giɓin.

Kujerar ta lotsa ta hagu.
Wani mai jiki ya shekara yana jingina a nan,
duk yadda na zauna
sai na gangara cikin zamansa.

Jummala ta zo ganin ɗaki, ta taɓe baki,
"Ke dai kayan matattu kike tarawa."
Na zuba mata zoɓo a kofin da ba shi da ɗan'uwa,
na ce, gidan da kike haya, wa ya fara kwana a ciki?
Garin nan kansa hannu nawa ya bi kafin namu?
Ta shanye, ta tambayi kuɗin labulen.

Sai kabad ɗin.
A zauren Inna Kubura dillaliya na gan shi, bayan Ƙofar Doka,
mai gilashi biyu, ƙafa ɗaya an tokare da bulo,
gabana ya faɗi.
Irin na mahaifiyata ne sak,
wanda ya bar gida shekarar da Baba ya kwanta a Shika,
shi da samiru, da keken ɗinki.
Ina 'yar shekara bakwai na kanƙara sunana a bayansa da ƙusa,
na sha dundu.

Na ce a juya mini shi.
Yana da gizo-gizo, yana da kashin ɓera,
da rubutun wata yarinya, karkatacce:
Uwani.
Ba nawa ba ne.

Ban ko taya ba, na biya.
Mai kura ya turo shi, ina biye a ƙasa
kamar mai rakiyar baƙo.

Yanzu in an ɗauke wuta na kunna fitila,
inuwarsu kan taru a bango,
mai jiki, da ɗan Jalingo, da matar ƙasar sanyi.
Madubi mai tabo ya hau ƙusa ta biyu.
Ta ukun jiya na zare ta,
na durƙusa a bayan kabad,
ƙasa da Uwani kaɗan
na rubuta: Barira.