Huhun Babur

A bayan gida, a Copiapó,
kakana Eusebio ya kwance sirdin babur,
ya zaro soson matatar iska,
baƙi ƙirin, ya sha rairayin Atacama ya ƙoshi.

"Kada ki murɗe shi, Maite, yagewa zai yi.
Matsa a hankali, kamar kin riƙe ɗan tsako."
Kananzir tukuna, sannan sabulu da ruwan ɗumi.
Bokiti uku, laka zalla.
A na huɗu ruwa ya fito garau.

Muka shanya shi kusa da safarsa.
Tari ya sarƙe shi,
tarin shekara talatin da ɗaya
a ramin jan ƙarfe.
Na jira. Ba ya son sannu.

Da ya bushe na zuba shuɗin mai,
mai danƙo kamar zuma,
na cuɗa har ya ratsa.
Giris a baki, kada yashi ya sami kafa.
Yatsansa ya zagaya sau biyu kafin na ɗaure.

Na buga, injin ya ja dogon numfashi.
Ya dafe ƙirji yana saurare.
"Kin ji ɗan gata," ya ce.
"Shi nasa ana cirewa a wanke."