Shari'ata da Kurege

Shekara talatin da biyu ina jan mota
daga Kejetiya zuwa Aboabo,
sidi kan sidi, bulo kan bulo,
har na rufa ɗaki uku a Asokore Mampon.
Ranar da aka buga kwano na ƙarshe
ban san ina da ɗan haya a ƙarƙashin ƙasa ba.

Da gyaɗa ya fara.
Kunya huɗu Lariba ta shuka bayan madafa,
ya bi su gindi-gindi kamar mai karɓar haraji,
ya bar mana ɓawo a madadin rasit.
Sai rogo. Sai makani. Sai tiyon ruwa
da ya huda don kawai ya wasa haƙori.

Na ce ƙaramin abu ne.
Ƙaramin abun nan ya tsaga min dakali,
tsaga siririya kamar silin gashi,
damina ɗaya ta buɗe baki har yatsa na shiga.

Na toshe ramin da dutse, ya ɓullo ta gindin ayaba.
Na zuba siminti, rabin buhu, kuɗin cefanen mako,
ya ɓullo ta bayan tanki, wutsiya a sama,
ya miƙe da ƙafa biyu yana kallona
kamar ni ne na shigo ba sallama.

Awudu mai walda ya ce hayaƙin barkono.
Muka hura, muka fifita,
mu muka yi ta tari har la'asar,
maƙwabta suka fito da bokiti, wai gobara.
Na aro kyanwa wurin Maame Pokuwa,
ta kwana uku, ta cinye kifin Lariba,
ta koma gida da ƙiba.

Magani kuwa, na sayo shi a Asawase,
na tsaya tsakar gida da ƙullin a hannu.
Ga kaji suna tono.
Ga Fusena, jikata, mai rarrafe,
wadda komai ta tsinta sai ya gaisa da bakinta.
Na juya. Masai ya ci kuɗina.

Agya Kwarteng, da ya sayar min da filin,
ya leƙo ta katanga yana goge hawayen dariya:
"Direba, nan duk gonar koko ce ta kakana.
Ni na sa hannu a takarda.
Shi bai sa ba."

Keji ne ya raba gardama:
waya, ƙofa mai faɗuwa, ƙuli-ƙuli guda biyu.
Ranar Laraba da hantsi na ji ƙaras!
Na tsuguna, muka dubi juna.
Haƙarƙarinsa na rawa
kamar injin da aka bari a kunne ana jiran fasinja.
Farin layi a kwiɓi, jar ƙasa a farce.
Ƙasata. Ko tasa.

Lariba ta ce akwai albasa, akwai tukunya.
Na ce ba a cin abokin shari'a.

Na rufe kejin da buhu, na tari motar Ejisu.
Yaron mota ya ce kaya ma na biya.
Ni da na yi shekara talatin ina karɓa,
na biya wa ɓarawona kuɗin mota.
Bayan gari, inda kwalta ta gaji, na ɗaga ƙofa.
Ko waiwaye bai yi ba.

Na dawo na binne raga a gindin katanga,
na bi da tsakuwa, na liƙe dakali,
na yi barcin da na manta ɗanɗanonsa.
Lariba ta sake shuka kunya huɗu.

Yau da safe, ina shan koko,
na ga sabuwar jar ƙasa a gindin ayaba,
tara-tara, da sauran danshi.
Fusena ta dafa gwiwata ta miƙe,
ta nuna da yatsa,
ta faɗi kalmar da uwarta ta koya mata jiya:
"Biyu!"